Fina-finan da Hamma Ya Fassara wa Dada

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sa'adu, wanda mu ƙannensa muke kira Hamma, mutanen Yelwa kuma suke kira Mai Gidan Kallo. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na so in rubuta masa irin kalaman da ake rubuta wa mamaci, masu taushi, waɗanda mai karatu zai gama ya ɗan yi shiru. To amma duk lokacin da na ɗauki biro sai haushi ya riga ni. Ku yi haƙuri da ni, wannan shekarar da haushin zan rubuta.

Mutuwa kam ba ita ta ba ni haushi ba, kowa da ranarsa. Maganar mahaifiyarmu ce, Dada. Tana nan da ranta a gidanmu na Yelwa, cikin Jalingo, gida mai ɗakuna reras, ita kaɗai. Ni ina aure a Mutum Biyu, a can nake koyarwa, sai hutu ko ƙarshen wata nake samun leƙowa. Ƙannena maza biyu, Bello da Buba, suna cikin garin, a Nukkai, kowa da iyalinsa da motarsa. Da aka fara shirin addu'ar bana, guruf ɗin iyali na waya ya yi ta tafasa: wane hoton Hamma za a buga a jikin leda, dafa-duka za a yi ko fara da miya, a ina za a ɗauko rumfa. Na rubuta cewa, to Dada fa, wa zai riƙa zama da ita? Aka turo mini hoton hannuwa biyu a haɗe, aka ci gaba da maganar shinkafa.

Bari in fara gaya muku ko wane ne Hamma, don waɗanda ba su san shi ba.

Duk fina-finan da ke duniyar nan, na Indiya masu rawa a kan dutse, na 'yan Cana masu tsalle, namu na Hausa, Hamma ya tsallake su ya je ya maƙale wa irin fim ɗin da duniya ta ƙare mutum ɗaya tak ya rage. Wani lokacin annoba ce ta share kowa, wani lokacin yaƙi, wani lokacin ma ba a gaya maka dalili, kawai Bature ya farka ya tarar da gari wayam. Sai ka zauna kana kallonsa yana yawo a titi, yana shiga kanti yana kwasar gwangwani, yana tarar ruwan sama, yana murɗa rediyo ko zai ji muryar wani. Ba soyayya, ba faɗa, ba waƙa. Gemu kawai yake tsirowa. Na sha ce masa, Hamma, wannan ai ba fim ba ne, zaman makoki ne. Sai ya yi dariya ya ce matsalata rashin haƙuri.

Gidan kallon nasa rumfar kwano ce jingine da katangar gidanmu, da bencina da wani janareto mai tari, don haka duk abin da ake yi muna jin sa daga tsakar gida. Samari ƙwallo suke so, ya ba su ƙwallo. Amma ranar da babu wasa sai ya saka nasa. Karon farko ba a je ko'ina ba bencina suka fara raguwa, wani ya ɗaga murya ya ce, "Mai Gidan Kallo, sautin ya mutu ne?" Sautin lafiyarsa lau, Baturen ne bai da wanda zai yi wa magana. Mutanen Jalingo kuwa za su iya jure zafi, su jure rashin wuta, amma ba za su biya kuɗi su zauna kallon shiru ba.

Maimakon ya haƙura ya cire kaset ɗin kamar mai hankali, sai Hamma ya jawo makirufo ya fara yi wa Baturen magana. Wai fassara yake yi. Bature ya tura ƙofar kanti, sai ka ji Hamma: "Salamu alaikum masu shago. Shiru. To Allah ya gani na yi sallama, bari in ɗauki kifin nan, in mun haɗu a lahira na ba ku haƙuri." Bature ya ɗaga kai yana kallon sama: "Yau ko Juma'a ce ko Lahadi oho, ba ladan, ba ƙararrawar coci." Bature ya zauna cin abinci: "Bismillah. Au, to wa nake yi wa bismillah?" In ransa ya ɓaci da Fulatanci yake masifa. In 'yan Mumuye sun yi yawa a benci sai ya gaishe da bishiya da yarensu. Baturen Hamma ya fi ni jin harsunan Taraba. Rumfa ta cika har ana tsayuwa a baya, ana ba Baturen shawara da ƙarfi, ana zaginsa in ya wuce akuya bai kama ba. Akwai wani dattijo mai gyaran keke da ya rantse cewa wannan Baturen ya taɓa zama a Jalingo, in ba haka ba ina ya koyi wannan ladabi.

Wannan kowa a Yelwa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da yake yi a cikin gida.

Hamma ɗan fari ne. Wanda ya san gidan Fulani ya san abin da hakan ke nufi. Tun da Dada ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su yi hira, ba ta haɗa ido da shi. In ya durƙusa gaishe ta sai ta amsa tana kallon gefe. In tana nemansa sai ta ce, ku ce wa wancan ya zo. Kunya ce irin ta da, kuma duk gidan mun san a cikinmu babu wanda take so kamarsa. Da mahaifinmu ya rasu, ni na yi aure, su Bello suka kama aiki suka tashi, sai Dada ta fara yawan zama a ɗaki. Idonta ma ya fara rauni. Hamma ya lura. Amma ya zai yi? Ba zai shiga ya zauna a bakin gadonta ya ce Dada mu yi hira ba, da ta tashi ta bar masa ɗakin.

Sai ya ɗauko wata ƙaramar talabijin ya ajiye a baranda, daidai ƙofar ɗakinta. Bayan la'asar ya zo ya shimfiɗa tabarma, ya juya wa ƙofar baya, ya kashe sauti, ya saka fim ɗinsa, ya fara fassara wa bango. Ita tana ciki bayan labule, tana ɓarar gyaɗa ko tsintar wake. Ba ta taɓa fitowa ta kalli talabijin ɗin ba. In ka tambaye shi, ba da ita yake ba. In ka tambaye ta, ba ji take ba.

Amma in ina gida sai in ji ta kira ni, da Hausarta wadda ba ruwanta da mace ko namiji: "Habiba, ki tambayi wancan, mutumin nan ba ta da dangi ne?" In babu kowa, da kyanwa take yi. "Ke kyanwa, wannan Bature wawa ne. Ga shanu sake a gari, ta zauna tana cin gwangwani." Sai Hamma ya gyara zama ya gaya wa bango, "Baturen ya ce ya ji, gobe da sassafe zai fita da ƙwarya." Wani lokacin har sai ka ji tana danne dariya a ciki. Ni ban taɓa zama har ƙarshe ba, kafin Baturen ya gama yawonsa girki ya kira ni. A haka uwa da ɗa suka yi shekaru suna hira, ba tare da ɗaya ya yi wa ɗaya magana ba.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. 'Yan makonni ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Dada ba ta yi kuka a gaban kowa ba, masu ta'aziyya ma ita take ce wa su yi haƙuri. Matarsa ta gama takaba ta koma wurin iyayenta a Bali da yaran, kuma ban ga laifinta ba, yarinya ce. Rumfar kallo ta koma shagon cajin waya. Gida ya rage daga Dada sai kyanwa.

Ba zan yi wa Bello da Buba ƙarya a jarida ba, ba marowata ba ne. Abin da ya fi ba ni haushin ma ke nan, don da marowata ne da na san abin da zan ce musu. Sun tashi tsaye wajen kula da Dada, amma irin kulawar da duk alherin da suka yi sai ya kori mutum ɗaya daga gidan. Sun haƙa mata bohol, don kada ta riƙa jiran ɗan garuwa. Madalla. To ɗan garuwan nan kullum da safe in ya juye ruwa sai ya tsuguna ya sha kunu, ya ba ta labarin wa ya haihu, wa ya yi tafiya, me ake ciki a kasuwa. Ya daina zuwa, me zai zo yi? Sun kawo murhun gas. Matan da suke saukowa da itace daga bayan dutse, su sauke kaya su zauna a inuwar mangwaro su sha ruwa, suka daina tsayawa. Sun jibge mata buhunan shinkafa da masara da man gyaɗa a sito, ta daina aiken kowa, ta daina fita da kanta ta taya kuɓewa a bakin hanya, ta yi ciniki kamar za a yi faɗa a rabu ana dariya.

Sai babban aikin. An yi wata sata a unguwar, suka rushe zauren gidan, suka ɗaga katanga, suka sa get na ƙarfe da kwaɗo. Zauren nan tun ina yarinya ban taɓa ganin ƙofarsa a rufe da rana ba. Yaran maƙwabta su shigo biyo kaza, wannan ta zo aron turmi, waccan ta zo ɗibar garwashi ta zauna har garwashin ya mutu a sake ba ta wani. Yanzu sai ka tsaya a waje ka yi ta dukan ƙarfe, tsohuwa mai ciwon gwiwa ta taso daga can ƙurya ta ratsa tsakar gida ta buɗe maka. Wa zai tayar da ita saboda aron turmi? Mutane suka ji nauyi, suka bari.

Suka ƙara da sola, suka ƙara da waya. Wayar ce ma ta fi kwantar musu da hankali. Bello zai kira daga ofis: "Dada, ya jiki?" Ta ce, "Jam," wato lafiya lau. "Akwai abin da kike buƙata?" Ta ce babu. Ya ajiye, ransa fari tas.

Yanzu don Allah, wane Bafulatani ne zai tambayi tsohuwa ko tana buƙatar wani abu, ta ce babu, ya yarda? Matar da ko yunwa tana nuƙurƙusarta in ta je baƙunta sai ta ce yanzu ta ci ta ƙoshi? Matar da ta haifi dukanmu ba a ji nishinta a waje ba? Irin su Dada ba a tambayarsu. Zuwa ake yi a zauna, a nemi wani dalili daban a fake da shi, don kada ta ji ta zama kaya. Bello ya taɓa tambayarta ko za ta koma wurinsa a Nukkai, ta ce nan ma lafiya. Bai sake tayar da maganar ba, ya dawo ya rubuta a guruf, "Dada ta ƙi." Sun gwada kawo mata 'yar aiki, sai ga Dada tana yi wa yarinyar girki tana hana ta shara, wai 'yar mutane ce, daga baya ta sallame ta. Gidana kuwa, ko ɗaure ta za ka yi Dada ba za ta kwana a gidan suruki ba. Na roƙa har na gaji.

Bayan rasuwar Hamma da kamar shekara biyu, kewa ta sa na nemi aka tura mini wasu daga cikin fina-finan nan a waya. Ni da nake cewa zaman makoki ne, sai ga ni ina kallo da tsakar rana a ɗakin malamai. A nan na gane Baturen kusan bebe ne. Duk sallamar nan, duk bismillar nan, duk neman gafarar masu shago, Hamma ne. Kuma yawancinsu yadda suka fara haka suke ƙarewa. Wani ya mutu shi kaɗai a kan kujera. Wata ta yi tafiya mai nisa tana bin muryar da ta ji a rediyo, ta isa ta tarar na'ura ce take maimaita kanta. Wani ana nuna shi yana tafiya a titi har ya zama ɗigo, a rubuta sunayen 'yan wasa.

Ana cikin haka wata rana na lura da kayan da mutumin yake tarawa. Katanga mai tsayi da ƙofar ƙarfe. Tankin ruwa. Abinci jibge a ɗaki. Farantin sola a kan rufi. Da wata 'yar na'ura da yake jira ko murya za ta fito daga nesa. Na ajiye wayar na ce, la'ilaha illallahu, wannan ai gidanmu ne. Shi Baturen ko ba komai yana da uzuri, mutanen duniyarsa sun mutu. 'Ya'yan Dada suna nan daram, har ƙiba suke yi.

Nakan tambayi kaina me Hamma zai ce da zai leƙo Jalingon yau. Na san da farko dariya zai yi. Zai ga samarin da suke cika masa benci, da 'ya'yansu, kowa ya sunkuya a kan wayarsa da iyafis a kunne, yana kallon mutumin da ya rage shi kaɗai, shi ma shi kaɗai. Babu mai zagin Baturen, babu mai ba shi shawara. Zai tsaya a bakin get ɗinmu ya ga Buba ya faka mota, ya sauke buhu, ya gaisa a tsaye yana duba agogo, kuma na san sai ya yi masa fassara: "Ga bawan Allah ya kawo agaji, yana sauri kada annobar ta kama shi." Daga nan dariyar za ta ƙare. Ya taɓa gaya mini cewa a fina-finan nan bai taɓa damuwa da yadda mutumin zai sami abinci ba, don kullum yana samu. Abin da yake sa ido a kai shi ne ranar da mutumin zai fara magana da kujera. Ya ce daga ranar ne ake fara lissafin mutuwarsa, ko da sito a cike yake.

A hutun da ya wuce, ina sauka daga keke-napep a ƙofar gida sai maƙwabciyarmu Maman Rifkatu ta tare ni. 'Yar Mumuye ce, tana suyar doya a bakin layi, kuma ƙawar Dada ce tun kafin a haife ni, ita ma Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malama, kin zo? Maman naku fa. Ina buga get, ina buga, ba ya ji. Da kam shiga kawai nake yi, yanzu sai na tsaya waje kamar ɓarawo. Ran nan ya buɗe mini, ya buɗe baki zai gaishe ni, murya bai fito ba. Wallahi na koma gida ban iya cin abinci ba."

Na shiga na gaishe da Dada. Ta amsa da wata irin murya a shaƙe, can ƙasa. Na ce mura ce, bari in sayo magani. Ta ce in bari, in aka ɗan jima tana warwarewa. Haka kuwa aka yi. Muna magana tana washewa, kafin azahar ta dawo daidai. Ba mura ba ce. Murya ce da ta daɗe ba a taɓa ta ba. Na duba ban ga kyanwar ba, na tambaya, ta ce ai tun damina ta mutu. Babu wanda ya sani a cikinmu, don babu wanda ya tambaya, ita kuma ba za ta kira mutum a waya saboda kyanwa ba.

Ko hijabi ban cire ba na tare keke sai Nukkai. Na sami Bello yana wanke mota, na zazzage masa abin da na gani. Su Adda suke ce mini, wato yaya.

"Adda, don Allah me Dada ta rasa? Faɗa mini abu ɗaya, yau ɗin nan in sayo."

"Ba a sayar da shi."

"To ai mun tambaye ta, Adda. Ita ta ce ba komai."

"Bello, kai ɗan wace ƙabila ne?"

Ya sunkuya yana matse tsumma. Na ɗauka maganar ta shige shi. Can sai ya ɗago da murnarsa ya ce ya samo mafita, zai sa kyamara a tsakar gidan, duk inda yake ya riƙa ganin Dada ta waya. Na ce masa sannu da ƙoƙari, ka ga shi ke nan ka mayar da ita fim ɗin gaba ɗaya, saura ka nemi mai fassara. Ya ce ni dai ban iya magana ba sai da baƙar magana. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka yi addu'ar. Aka wangale get, aka kafa rumfuna, malamai suka sauke Alƙur'ani, aka raba shinkafa, aka raba leda mai hoton Hamma yana murmushi. Gida ya cika maƙil. Ku zo ku ga Dada! Ta fito tsakar gida tana ba matan girki umarni, tana faɗan an cika gishiri, tana korar yara daga bakin murhu, tana rufe baki da gefen zane in an ba ta dariya. Muryarta har bakin layi. Tsofaffin 'yan gidan kallo suka zo, wasu da furfura a gemu, suna ta maimaita maganganun Baturen Hamma suna tafawa. Bello ya matso kusa da ni ya ce, "Adda, kin gani? Ga ta nan lafiyarta lau." Na bar masa wurin, don da na tsaya da an ji mu a waje.

Bayan la'asar aka fara naɗe rumfuna. Motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa sai mun yi waya. Kafin rana ta yi sanyi gidan ya koma yadda yake, sai ƙasusuwan kaza da robar ruwa a tsakar gida. Ni zan kwana sai da safe. Na share baranda na zauna. Dada ta koma ɗaki, labule ya sauka. Mun daɗe a haka, sai na ji ta.

"Habiba, fina-finan nan na wancan, har yanzu ana yin su?"

Na ce ana yi, Dada.

"Ni abin da nake so da su, ƙarshen."

Na ce wane ƙarshen?

"Ai duk ɗaya ne. Mutumin ta sha wahala, ta sha wahala, sai wata rana ta ji ana sallama a ƙofa. Ashe danginta ne. Suna ta nema, hanya ce ta ɓace musu. Akwai wanda har da shanu suka zo masa." Ta ɗan yi dariya. "Ko ɗaya ba a bari ba. Sai dai a daɗe."

Na dubi labulen. Na kalli fina-finan nan da idona, babu wanda aka yi sallama a ƙarshensa. Wato duk shekarun nan, Hamma yana zaune a inda nake zaune, ya ba ƙofa baya, yana kallon mutum yana mutuwa shi kaɗai a talabijin, yana gaya wa bango cewa ga dangi sun iso. A rumfa bai isa ya yi haka ba, don jama'a suna gani. A nan kuwa mai sauraron nasa tana bayan labule. Kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, har ya koma ga Allah.

"Ko ba haka ba ne?" in ji Dada. "Ke da kika yi boko."

Na ce haka ne, Dada. Suna zuwa.

In aka tambaye ni me ya rage na Hamma bayan shekara bakwai, ba abu mai yawa ba ne. Rumfar ta tafi, talabijin ɗin ta daɗe da mutuwa, ledar nan mai hotonsa gobe za a zuba mata tumatir. Abin da ya rage da ransa wannan ƙaryar ce, kuma ita ce Dada take riƙe da ita a gidan nan. In ma ƙarya za a kira ta, Allah ya yafe masa, don shi dai ya faɗa kuma kullum bayan la'asar ana ganin ƙafarsa. Ni ce na maimaita ta alhali na san da safe mota zan hau zuwa Mutum Biyu. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma ina jin haushin Hamma da ya tafi ya bar mana maganar da shi kaɗai ya iya cika ta.

Bello, Buba, na san kuna karanta shafin nan, ko don ku ga na ambaci shinkafar. Da safen da zan tafi na fito da jakata na tarar Dada ta ja tabarmarta daga ɗaki, da gwiwar tata, ta kai ta har gindin mangwaro, dab da get. Ta ajiye butarta da carbinta a gefe, ta zauna tana fuskantar ƙofa. Na ce Dada lafiya, me ya fito da ke nan? Ta kawar da kai ta ce ɗakin ne ya yi zafi.

To ku da kuka saba yarda da duk abin da ta faɗa, ga shi nan, ta ce zafi ne.